Saiwar Mutanen Sin a Gidan Suna

Bahaushen da ya zauna a unguwar Al-Sih ta Madina bai san Raliya ba, ko dai cikinsa bai taɓa ɓaci ba, ko kuma ba ya amsa sallama. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar wadda aka aika ta raba faɗa. A wani asibiti mai zaman kansa take aiki, ɗakin ba da magani, wanda a nan kowa ke kira saidaliyya. Ba likita ba ce, ta faɗa har ta gaji, amma matan unguwa sun daɗe da yanke hukunci: Dakta ce. In ta musa su ce kunya ce, alhali kowa ya san babu kunya cikin kayan da Raliya ta sauko da su daga jirgi.

A Funtuwa aka haife ta. Ubanta mai saiwoyi ne a kasuwa, ya shimfiɗa buhu, sassaƙe a nan, garin ganye a can. Tun tana ƙarama babu abin da ke kan buhun nan da ba ta kai baki ba. Maɗaci, sabara, marke, duk ta lasa. An dake ta, an yi mata nasiha, an ce wata rana za ta lashi ajalinta. Washegari a same ta tana tauna wani ɓawo tana yatsina fuska. Da ta shiga jami'a a Zariya karatun haɗa magunguna, sai gardamarta ta yi gida biyu. A aji tana musu da malamin da ya ce duk saiwa camfi ce. In ta zo hutu ta zauna gefen buhu tana musu da ubanta, wanda ya rantse saiwa guda tana maganin basir da sammu da rashin miji. 'Yan boko na kiranta 'yar mai saiwa, masu saiwa na kiranta 'yar boko, ita kuwa ko a jikinta. Abin da take tambayar kowa bai canza ba: an gwada? A kan wa? Me aka gani?

Aure ya kawo ta Madina. Mijinta Mu'azzam injiniya ne a filin jirgi, mutum mai shiru-shiru wanda in ya yi doguwar magana sai a tambaye shi ko lafiya. Suka kama haya a saman bene. A ƙasansu Hajiya Tasallah ke zaune.

Hajiya Tasallah haifaffiyar Madina ce. Iyayenta suka taso daga ƙasar Kano, suka biyo ta Sudan, suka zo suka zauna. Hausarta ta tsofaffi ce, da Larabci a barbaɗe kamar yaji. Babu jaririn Hausawa a Al-Sih da bai bi ta hannunta ba. Ita ke wankan farko in an dawo daga asibiti, ita ke gasa cibiya, ita ke dafa ɗauri, jiƙon nan mai ɗaci da ake ɗura wa jarirai don cikinsu ya yi ƙwari. Magidantan da ke tuƙa manyan motoci a unguwar yau duk sun taɓa yi mata fitsari a cinya, kuma tana tuna musu a gaban matansu. Ita ta nuna wa Raliya kasuwa, ita ta koya mata ciniki da Larabawa, ita ta zauna da ita ranar da labarin rasuwar ubanta ya zo daga Funtuwa. In tana raha ta kira ta 'yata, in ta so tsokana ta kira ta Dakta, tana jan wasalin ƙarshe.

Surukin Hajiya, Haladu, mijin autarta Sundus, direba ne a Yanbu, yana jigilar ma'aikatan wani kamfanin gine-gine na mutanen Sin. Wata Juma'a bayan masallaci ya hawo bene da 'yar leda a hannu.

"Anti Dakta, duba min wannan. In ba halal ba ce in zubar."

Saiwa ce, a murɗe kamar ƙafar kaza, in an karya cikinta rawaya kamar garin ɗorawa. Ya ce zawo ya kayar da shi a masaukin ma'aikata, wani tsoho mai dafa musu abinci ya tafasa masa ita, ya samu sauƙi. Huwang liyan suke ce mata.

Raliya ba ta jira ya gama ba, ta ɓalli kaɗan ta sa a harshe. Idonta ya kawo ruwa.

"Haladu, maɗacin Funtuwa rake ne a kan wannan. Bar min guntu."

Ta kai wurin aiki. Wani Bamisire abokin aikinta ya ɗaga saiwar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce maganin ƙauye ne, a jefa shara. Da ya yi shiru, wataƙila da Raliya ta manta da ita a aljihun jaka. Tunda ya raina, ta zauna ta bi duk binciken da ta iya samu.

Abin da ta gano bai daɗa wa kowa rai ba, shi ya sa ta yarda da shi. Sinadarin da ke sa saiwar rawaya da ɗaci ana kiransa barbarin, mutanen Sin har ƙwaya suke yi da shi. A ɗakin gwaji yana takura wa wasu ƙwayoyin cuta, yana kuma rage ruwan da hanji ke zubarwa. An taɓa gwada shi a kan manya masu zawo a Bangladash shekaru da yawa da suka wuce: ga wani irin zawo ya rage, ga kwalara bai yi abin a zo a gani ba. Akwai tarin rubuce-rubuce daga Sin a kan wani haɗi na tsirrai huɗu da saiwar ke ciki, yawancinsu na yabo, amma da yawa mutanen da aka gwada ba su da yawa, tsarin gwajin kuma bai cika ba. Sai gargaɗi a kan jarirai, wanda ta karanta ta sake karantawa.

Ta gaya wa Bamisire ya yi kuskure, saiwar ba shara ba ce. Ta kira Haladu ta gaya masa nasa.

"Babba, mai zawon da babu jini babu zazzaɓi, zai iya sha, amma sai ya fara cika cikinsa da ruwan gishiri da sukari, don shi ke riƙe rai. In abin ya ƙi ci, asibiti. Mai ciki kar ta taɓa. Mai shayarwa kar ta taɓa. Jariri kuwa ko warinta. Ka ji?"

"Na ji, Anti Dakta."

Ya sauka bene. Kafin ya kai ƙasa maganar duk ta zube a matakala, saura guntu: Dakta ta ce tana yi.

Bayan aikin Hajjin bara aka yi wata walima a unguwar, aka bar shinkafa ta wuni cikin zafin Madina, aka raba wa maƙwabta da yamma don lada. Ladan ya iso kowane gida. Benen su Raliya ya koma ba ka jin komai sai ƙarar buta da gudun silifa. Raliya ta ɗauki babban jug ta bi ɗaki ɗaki da ruwan gishiri da sukari, tana tsayawa a kan mutum sai ya shanye. Wani dattijo da ya fara ganin jini ta tura shi asibiti da faɗa. Sundus, da ke da tsohon ciki, ta hana ta ko kallon saiwar. Sauran manya suka tafasa ta Haladu suka sha, suna tofe-tofe suna salati. Aka warke.

To, Bahaushe ba ya ganin girman maganin da bai murɗe masa fuska ba. Ruwan gishiri da sukari, wanda ya yi dakon aikin, ko sannu ba a ce masa ba. Saiwa ta kwashe yabo. Kafin wata ya mutu ta zama maganin hawan jini, da ciwon gwiwa, da mantuwa. Raliya ta yi ta bin mata tana kwance abin da suka ƙulla da sunanta, suna cewa Dakta rowa take, ba ta son asirin ya bazu.

Ana cikin haka Sundus ta haifi namiji.

Ranar suna da hantsi falon Hajiya ya cika da mata. Gahawa da dabino a gefe, masa da funkaso a gefe, turaren wuta ya turnuƙe har ba ka gane wa ke zaginka. Maza sun raɗa suna tun da safe: Abdulfattah. Raliya ta karɓi yaron ta kai shi bakin taga, don ta saba ba ta duba jariri a hasken fitila. Ta ɗan danna hancinsa ta saki. Ta jira ya buɗe ido. Farin idon ya yi rawaya, fatar ma har ƙirji.

"Sundus, tun yaushe idonsa ya yi haka?"

Sundus na jin Hausa tsaf, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a nan. Ta ce ita ma ta gani, Yumma, wato uwarta Hajiya, ta ce zai wuce. Abin da ya fi damun Yumma cikinsa ne, kashi ruwa-ruwa duk bayan ya sha nono, tana tsoron zawon nan ne ya dawo. Tana kicin ma tana haɗa masa ɗauri.

Raliya ta miƙa yaron ta nufi kicin. Tun daga ƙofa ta ga launin. Hajiya ta tace ɗauri cikin kwanon silba, mai yawa, wanda za a yi ta ba shi har kwanaki, kuma ba launin ɗaurinta na kullum ba ne. Rawaya ne. A cikin matacin ga ragowar saiwar Haladu, duk abin da ya rage a gidan, ta dahu ta yi laushi.

Ta durƙusa, kamar yadda ta saba.

"Hajiya, don Allah kar a ba shi wannan."

"Ikon Allah. Ba ke kika ce tana yi ba?"

"Ga manya na ce. Kuma yaron nan ba zawo yake ba. Kashin ɗan nono haka yake, ruwa-ruwa. Ke kin fi ni sani."

"Na fi ki sani, shi ya sa na dafa. Cuta ta shiga gidan nan, ya binti, 'yata, ba zan zauna ta ɗauke min jika ba."

"Idonsa fa? Ciwon shawara ne. Abin da ke sa idon jariri rawaya, jiki na riƙe shi cikin jini yana fitarwa a hankali. Ana tsoron saiwar nan ta sako shi ya hau ƙwaƙwalwa. In ya hau ba ya saukowa, Hajiya. Akwai ƙasar da ta hana sayar da ita shekara da shekaru saboda jarirai."

"Na sa Haladu ya tambayi tsohon nan mai girki. Ya ce a ƙauyensu ana lasa wa jariri tun ranar haihuwa. Kin ga yawan mutanen Sin? Da tana kashe jarirai da sun cika duniya haka?"

"Masana ma har yau suna gardama a kai, ban ɓoye miki ba. Amma ba a kan ɗan Sundus za a raba gardamar ba."

Hajiya ta goge hannu da gefen mayafi. Ta dubi Raliya daga sama har ƙasa, tafiyar ba ta da nisa.

"Dakta. Na yi wa jarirai ɗauri tun uwarki na tallan gyaɗa. Tashi ki ba ni hanya."

Ta ɗauki kwano da ƙaramin cokali ta yi falo. Tsohuwa ce mai wayo: ta san a kicin ana iya yi mata musu, amma a gaban matan Al-Sih babu 'yar da za ta fizge kwano daga hannunta ta sake shiga gidan biki a unguwar. Raliya ta biyo ta a baya. Ta duba Sundus, Sundus ta sunkuyar da kai. Ta duba matan, kowa na murmushi, ana jiran a ga Abdulfattah ya yamutsa fuska a yi dariya, kamar yadda aka yi wa ubansa da kawunnansa.

Hajiya na da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa: ba a ɗura wa jariri ɗauri sai babba ya kurɓa ya ji ko ya huce. Da can ita ke kurɓa, amma tun da haƙoranta suka fara ciwo take miƙa wa ta kusa.

"Hajiya," in ji Raliya, murya a ƙasa, "kawo in ji miki zafinsa."

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta juya ga mata.

"Kun gani? Boko ta sauko. Ga Dakta da kanta za ta sa albarka."

Raliya ta karɓi kwano da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Kurɓa ta farko mata suka yi dariya. Ta biyu dariyar ta ragu. Daga nan ba ka jin komai sai maƙogwaron Raliya yana aiki. Hawaye na zuba, jijiyar wuya ta miƙe, kunnuwanta kamar za su bar kanta, ba ta sauke ba. Sai da ta ga gindin kwano, ta girgiza ɗigon ƙarshe a harshe, ta kife shi a kan tire kusa da dabino.

"Ya huce," ta ce.

Wata 'yar Damagaram ta saki salati. Hajiya ta tsaya da cokali a hannu, babu abin ɗiba.

"Ke. Ni kika yi wa haka? A ɗakina? Ranar sunan jikana?"

"Ke na yi wa, Hajiya, kuma in kin sake dafawa zan sake shanyewa. Cikina babba ne." Leɓunanta sun yi rawaya, amma ba ta ja da baya ba. "Ki zage ni, ki hana ni shiga ɗakin nan, na yarda. Yaron nan dai asibiti za shi yau a auna jininsa."

"Mai jego ta bar baƙi ranar suna? Wa ya taɓa yi?"

Sai Sundus ta miƙe a hankali, irin miƙewar wadda ba ta gama warkewa ba, ta naɗe ɗanta cikin tawul. Ta dubi uwarta, ta yi magana da Hausa, abin da rabonta da yi tun tana makarantar firamare.

"Yumma, ɗana ne. Zan je."

Mu'azzam ne ya kai su mustashfa, wato asibiti. A hanya ya dubi matarsa ta madubi, tana ta tofar da yawu a tishu, ya ce, "Da kin zubar a ƙasa ai ya isa." Raliya ta ce zubar da abin hannun tsohuwa raini ne, shanyewa kuwa ƙishirwa ce. Bai ƙara magana ba sai bayan la'asar.

Likitar yara ta ce cikin yaron lafiya lau, kashin nono ne. Shawarar kuwa ta hau har sai an kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Aka rufe masa ido da ɗan ƙyalle, ya kwanta ya miƙe ƙafa kamar attajiri a bakin teku a Yanbu. Bayan 'yan kwanaki aka sallame su, ido fari tas.

Kada a ɗauka unguwa ta taru ta ba Raliya gaskiya. Rabin mata suka ce ta ceci yaro, rabi suka ce ta ci mutuncin tsohuwa, wasu kuma suka ce daman kwaɗayi gare ta tun tana yarinya. Masu goyon bayanta ma ta ɓata musu rai, don da suka ce da yaron ya sha da ya mutu, sai ta ce ƙarya ne, ba wanda ya san haka.

"Wataƙila da ba abin da zai same shi. Ni dai ba na ba jariri wataƙila a cokali."

Hajiya ta daina amsa gaisuwarta. Raliya ba ta fasa ba. Kullum in za ta fita aiki sai ta tsaya a ƙofar, ta ce ina kwana Hajiya, ta jira, ta amsa wa kanta lafiya lau, ta wuce.

Sai dai saiwa ba ta yafe ba. Abin da aka dafa don ya tsayar da zawo, ya samu cikin da ba ya zawo, ya tsayar da komai. Dakta guda, mai ba mutane magani, ta koma tana zirga-zirga da buta babu labari. Ga magani a saidaliyya jere a gabanta, amma ta ƙi ɗauka, don kada Bamisire ya tambaye ta na wane ne. Bene kuwa ba ya riƙe sirri. Wanda ke ƙasa yana jin takun na sama, ya san inda ta nufa, ya san kuma ba a daɗe ba aka dawo.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa. Raliya ta buɗe ta ga Hajiya Tasallah tana haki, ta hawo matakalar da ta yi shekaru ba ta hawa, riƙe da kwanon silba. Wancan kwanon dai. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Ungo. Tunda ke ba a ajiye kwano a gabanki."

Raliya ta karɓa ta sansana. Filasko ne, wanda Larabawa ke kira sana makki, ganyen da ubanta ke ajiyewa a kusurwar buhu don masu irin matsalarta.

"Shi ma sai kin duba littafi?" in ji Hajiya.

"Na duba tuntuni. Wannan an gwada shi, yana yi." Ta kurɓa. "Ga manya."

"Na ji."

"Ban da jariri, Hajiya."

"Na ce na ji, ko kurma kika mai da ni? Shanye ki ba ni kwanona. Yaron nan tun da ya dawo yake kuka da yamma, in kin samu kanki ki sauko ki duba shi. A bakin taga, yadda kike yi."

Raliya ta kafa kai ta shanye, ta miƙa kwano. Hajiya ta juya tana lallaba matakala, tana mita da Larabci a kan 'ya'yan zamani. Ba ta kai ƙasa ba ta ji an banko wata ƙofa a sama, da gudun silifa.